Kwana Goma Sha Bakwai a Bakin Asabari

Assalamu alaikum. Sunana Zule, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli nake sayarwa a kasuwar Tasawa. Ban yi nisa a lekol, wato makarantar boko, ba, amma na iya rubuta abin da ke cina, kuma wannan abu ya kusa shekara yana cina. Mahaifiyata ta rasu bara, gero yana fitar da kai. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce shanyewar ɓarin jiki ce ta ɗauke ta, ni kuma in ce hakanan ne, Allah ya ba da lada. Yau dai zan gyara maganar. Shanyewar jiki kwantar da ita kawai ta yi. Ajali na Allah ne, ban musa ba, amma sanadin gyambo ne a ƙugu, kuma mu danginta mu muka zuba mashi ido har ya girma. Duk mai majinyaci kwance a gida ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ni ce ɗiyar fari. Kowa ya san kunyar ɗan fari a wajenmu, sai dai Iya ta fi kowa riƙe ta. Ranar da aka yaye ni kakata ta wajen uba ta goyo ni daga Kona zuwa Tasawa, can na girma, can aka yi mani aure. Na haura shekara arba'in ban taɓa jin sunana a bakin Iya ba. Ta-Tasawa take ce mani, shi ma sai ta bakin wani. Ina zaune kusa da ita, zanenmu na taɓa juna, sai ta dubi ƙanwata ta ce, “Ce wa Ta-Tasawa ta ci tuwo.” Allah shaida, ban taɓa jin haushin wannan ba. Na san so ne, don duk zuwana Kona sai in koma gida in tarar da ƙullin kuka da busasshiyar kuɓewa a jakata, ba wanda ya ce ga wanda ya sa.

An yi ruwan shuka, Iya tana gona tana zuba iri tana binnewa da ƙafa, sai ta zauna. Waɗanda ke tare da ita suka ce ba faɗuwa ta yi ba, zama kawai ta yi cikin rairayi, ƙwaryar irin ta kife. Da suka zo kanta baki ya karkace, hannun dama ya saki. A amalanken shanu aka kai ta ƙaramar likita, daga can aka sa ta mota sai babbar likita. Nan na same su.

Satin farko duk a likita muka yi shi. Tansiyo ce, in ji su, jini ya hau har ya taɓa kai. Mu uku ne a kanta: ni, da autarmu Habsu wadda ke aure a garin El Allassane Maïreyrey, ga ta da ciki wata shida, sai Inna Tsahara, ƙanwar Iya uwa ɗaya uba ɗaya, wadda tun rasuwar mijinta take zaune ɗaki ɗaya da Iya a Kona. Namijinmu guda ne, Laminu, direba ne a Agadas. Shi nasa aikin turo kuɗi, kuma ya turo, ba zan ci amanarsa ba. Ni ce ta bin layi. In tsaya layin karɓar takarda, in tsaya layin parmasi, in kai gaba a ce maganin ɗaya babu, sai na fita gari. Ƙafafuna sun kumbura a satin nan har silifa ta ƙi shiga.

Ranar sallama, majo, wato babban ma'aikacin jinya na ɗakin, wani dogo mai gilashi, ya tara mu. Allah ya saka wa bawan Allah nan da alheri, bai ɓoye mana komai ba. Ya ce maganin tansiyo kullum da safe, gishiri kaɗan. Sannan ya ɗaga yatsu biyu.

“Wannan ya fi maganin muhimmanci. Kowace awa biyu ku juya ta. Dama, baya, hagu. Toutes les deux heures. Ku duba bayanta kullum da hasken rana. In kun ga wuri ya yi ja, ku dawo. Ita ba za ta ji zafi ba, ɓarin ya mutu. In kuka bari ya zama eskar, aiki ya ɓaci.”

Eskar. Ranar na fara jin kalmar, gyambon da kwanciya wuri ɗaya ke kawowa. Ya kama Iya ya nuna yadda ake lanƙwasa gwiwa a tura kafaɗa. Habsu ta gwada a gabansa ta iya. Ni ina daga bakin ƙofa riƙe da ledar magani, don nan ne wurina.

Muka koma Kona muka raba aiki ba tare da kowa ya furta ba. Cikin ɗaki na Habsu da Inna ne: wanka, juyi, canza zane, tsarki. Waje nawa ne: ruwa, daka, girki, wanki. Asabarin da ke rataye a ƙofar ɗakin Iya shi ne iyakata. In kawo kunu in tsaya in yi sallama, hannu ya fito ya karɓa. In an gama shiryata an lulluɓe ta, sai in shiga in gaishe ta daga nesa, ta lumshe ido. Sati na biyu da na uku haka suka wuce, kuma Iya ta fara samun sauƙi, har tana iya cewa “ruwa” da “Alhamdu lillahi”.

Masu dubiya kuwa, kai! Allah ya ba su lada, amma sun gasa mani aya a hannu. Damina ce, kowa ya taso daga gona da yunwa, ya zo ya zauna a tabarma, sai an dama mashi fura. Kuma kowa malamin likita ne. Wannan ta ce iska ce ta shafe ta a gona, a yi hayaƙi. Wancan ya ce a kira wanzami ya yi ƙaho a ƙeya ya zuƙe mataccen jini. Wata ta zo da sassaƙe a ƙulle a bakin zane ta ce a jiƙa da jar kanwa, ga mace mai tansiyo! Na karɓa na gode, na zuba bayan danga. A cikin mutanen nan duka ba wanda ya taɓa cewa, Zule kawo tulun in ɗebo maki ruwa, ko Habsu je ki kwanta in riƙe maki na awa ɗaya. Shi kuma Laminu kullum sai ya turo saƙon murya ta salula, abin da muke ce wa bokal, mai tsawon zuwa rijiya da dawowa: a yi kaza, kar a yi kaza, an ba ta maganin da ya aiko?

A sati na huɗu ƙafafun Habsu suka kumbura, ta fara ganin jiri in ta duƙa. Mijinta ya zo ya ce ungozoma ta hana ta ɗaga abu mai nauyi. Gaskiyarsa ce, ban riƙe shi a rai ba. Habsu ta tafi tana kuka. Kafin ta hau mota ta kama hannuna ta ce, “Yaya, Iya fa tana da nauyi. Inna ba ta iya ta ita kaɗai.”

Na san da haka. Iya mace ce mai jiki, Inna Tsahara kuwa in iska ta yi ƙarfi sai ta dafa bango. Washegari da hantsi na ɗumama ruwa, na ɗauki baho da sabulu na nufi ɗakin. Inna ta tare ƙofa.

“Ina za ki da wanga?”

“Wanka zan yi mata, Inna. Habsu ta tafi.”

“A'uzu billahi! Ke? Ɗiyar fari? Ki ga tsiraicin uwarki? Mi duniya za ta ce? Ni mutuwa na yi?”

Na ce ba maganar duniya ba ce, maganar majo ce. Na raɓa ta gefenta na shiga. Abin da na gani shi ya karya ni. Iya ta ji komai. Ta juya fuska bango, ta damƙe bakin zanenta da hannun hagu mai lafiya har jijiyoyin suka tashi, hawaye na bin kuncin da ya karkace. Tana so ta yi magana, abin da ke fita “a'a, a'a” ne kawai. Na tsaya da baho a hannu kamar wadda aka kama tana sata. Na fito.

Kafin azahar labari ya kai Agadas. Bokal ya shigo: “Yaya, ki ji tsoron Allah. Matar nan jininta ya hau. In kika tayar mata da hankali ya sake bugawa, wa za a ce ya kashe ta? Kina so ta bar duniya da fushinki? Inna na nan, ki bar mata.” Tsofaffin unguwa ma suka zo ɗaya bayan ɗaya suna ba ni haƙuri kamar na yi wani abin kunya. Duk bakinsu ɗaya: ba a yi, ba a taɓa yi ba. Maganar fushin uwa ita ta ɗaure ni, don wannan ba abin da ɗa ke wasa da shi ba ne. Na koma bakin murhu.

Daga nan sai wanki ya zama shi ne labarin da nake samu daga ɗakin. Kwana huɗu da tafiyar Habsu na ga tabo a zanen shimfiɗa, ruwa-ruwa mai ɗan rawaya, bai fi faɗin kwandala ba. Daga ranar nake lissafin kwanakin da ke saman takardar nan. Na kai wa Inna zanen.

“Inna, mene ne wannan?”

Ko kallonsa ba ta yi ba. “Zafin kwanciya ne. Na shafa mata man shanu.”

“Kina juya ta?”

“To da mi nake yi a ciki, rawa?”

Rana ta biyar a lissafin nan, tabon ya kai tafin hannu, da jini a gefensa. Na sake magana, ta ce ƙuraje ne suka fashe. Rana ta tara wari ya fara fitowa ta asabari. Inna ta ce in sayo turaren wuta, majinyaci dole ya yi wari. Na sayo! Wallahi da ƙafata na je na sayo turare na miƙa mata, aka turara ɗakin, masu dubiya suna shiga suna cewa madalla da tsabta. Iya ta fara ƙin kunu. Da yamma jikinta ya yi zafi, Inna ta ce masassarar damina ce, kowa ma yana yi.

A kwanakin nan na zama abin tsoro. Rumfata a kasuwa rufe, abokan cinikina sun koma wajen wata. Maigidana ya kira ya tambaya yaushe zan leƙo yara, na balbale shi da faɗa har ya kashe salula, alhali bawan Allah bai yi laifin komai ba. Wata mai dubiya ta ce furar ta yi tsami, na ce mata gidansu ba nisa. Ina daka ina kuka, ina wanki ina zage-zage a zuci. Ni da Inna muka daina gaisawa sai da ƙyar. Rana ɗaya na ɗaga murya na ce zan je in kira majo na ƙaramar likita ya zo ya duba. Inna ta dafe ƙirji ta ce namiji baƙo ya buɗe bayan yayarta a ɗakinta, sai dai bayan ranta, kuma in na ƙara za ta tattara kayanta ta bar mani gidan in ga yadda zan yi. Na sake haƙura. Kullum ina ce wa kaina gobe, gobe zan shiga ko mi za a yi, goben ta zo in ɗauki tulu in tafi rijiya.

Rana ta goma sha bakwai, da hantsi, ina tsugune bakin kwatami ina wanki, Inna ta fito da zannuwa biyu. Ta jefa mani ɗaya. Ɗayan ta ɗaga shi kusa da fuskarta, ta jujjuya, ta fara ninkewa.

“Wanga bai yi dauɗa ba, a mayar mata shi.”

Zanen fari ne mai ratsin shuɗi, kuma tsakiyarsa jiƙe yake sharkaf da mugunya da jini, faɗin faifai. Ƙudaje na binsa. Ga rana tsaka, ga shi a hancinta, tana ninkewa. Hancin kuwa turare ya riga ya kashe shi. Na miƙe a hankali, na ɗaga hannuna mai kumfa a gefen fuskarta na kaɗa. Ba ta ƙifta ba.

“Inna. Ba ki gani?”

Sai ta zauna a kan turmin da ke kife.

“Tun bara,” ta ce. “Yana ce ta rufe mani idanun. Inuwa-inuwa kawai nake gani. Ɗakin na san shi da ƙafa, shi ya sa ba ku gane ba.”

“To mi ya hana ki faɗi?”

“In na faɗi Laminu zai kai ni wajen ɗana a Maradi, a aje ni a lungu. Wa zai zauna da yayata? Shekara sittin muna tare.” Ta fashe da kuka. “Juyin ma ban iyawa, Zule. Ina turawa, ta ƙi tafiya. Sai in gyara mata matashi in ce na juya.”

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kun ji abin da muka yi. Muka ɗauki makauniya marar ƙarfi muka ba ta aikin da ke son ido da ƙarfi, mai ido da ƙarfin kuma muka tsayar da ita a waje tana dama wa baƙi fura. Gida cike da manya, kowa ya san abin da ba a yi, ba wanda ya tambayi tsohuwar nan ko tana iyawa.

Na ɗage asabarin na naɗe shi sama don haske ya shiga. Iya na ganina ta damƙe zane. A rayuwata ban taɓa yi mata magana kai tsaye mai tsawo ba sai ranar. Na ce, “Iya, ki yi fushi da ni in kin so, na ɗauka. Amma yau sai na duba bayanki.” Na lanƙwasa gwiwar na tura kafaɗar yadda na hango majo ya yi. Zanen ya manne da naman, sai da na jiƙa shi da ruwan ɗumi kafin ya saki. Rami ne a ƙugunta, dunƙulen hannuna zai shige. Bakinsa baƙi ƙirin. A can ƙasa akwai wani abu fari, daga baya aka ce mani ƙashi ne. Na fita bayan ɗaki na yi amai, na wanke baki, na je neman mota.

A babbar likita majon nan mai gilashi muka tarar. Ya buɗe ya duba. Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Ya tambaya a hankali, “Wa ke juya ta?” Ya ƙara da cewa, “Tun yaushe kuka ga alama?” Na faɗa mashi gaskiya. Ya cire gilashi ya goge ido ya ce, “Madam, da kwana goma baya kuka zo, da magana daban muke yi.” Ya ce za su yi iya ƙoƙarinsu, kuma sun yi. Kullum da safe pansama, wato wankin gyambo da canza auduga, a yanke mataccen nama, a sa ƙarin ruwa da allurai. Awakin Iya biyu suka tafi a satin farko, gyaɗar da na tara ta sana'a ta bi bayansu.

Yanzu ni kaɗai ce a kanta, don Inna na gida. Iya kuwa ta ƙi ni. In na zo juya ta sai ta sandare, ta runtse ido, ta riƙe ƙarfen gado. In na kawo cokali ta datse baki. Kwana biyu sai ma'aikata ke ba ta abinci in sun samu sarari. A gadon da ke kusa akwai wata tsohuwar Buzuwa daga wajen Mayahi tana jinyar uwar mijinta, wadda ta kusa shekara ɗari. Tana ta kallonmu. Rana ta uku da la'asar, na gaji na zauna ƙasa na haɗa kai da gwiwa, sai ta taɓa ni.

“Ta fari ce ke?”

Na ce i.

Ta kwance wani ɗan baƙin gyale marar nauyi daga kafaɗarta, ta je ta yi wa Iya sallama, ta shimfiɗa mata shi a fuska a hankali, ta bar hanci. Ta ce, “Baiwar Allah, yanzu ba ki ganin kowa, ba mai ganin idonki. Hannu ne kawai na mai jinya.” Ta juyo gare ni. “Tashi ki yi aikinki. Kar ki yi magana. Haka nake yi da surukata shekara uku.”

Na sa hannu. Wallahi tallahi, yatsun Iya suka saki ƙarfen ɗaya bayan ɗaya. Na juya ta, na goge mata jiki, na shafa mai. Na ɗaga bakin gyalen kaɗan na kai cokali, ta buɗe baki. Daga ranar, da ta ji takuna sai ta laluba da hannun hagu ta ja gyalen da kanta ta rufe fuska. Kunyarta na nan ba wanda ya taɓa mata ita, bayanta kuma yana samun hannu.

Ƙyalle! Ɗan ƙyallen da bai kai kamu biyu ba! Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Wata guda ana ce mani ba a yi, dattawa da furfurarsu, ba wanda ya zauna minti biyar ya ce to tunda ba a yi, yaya za a yi? Sai baƙuwa da ban san sunan garinsu ba sosai. Allah ya sa ta gama da duniya lafiya, ya ba ta mai yi mata yadda ta yi wa wasu.

Laminu ya iso a sati na takwas. Na sa ya tsaya lokacin pansama. Bai kai ƙarshe ba ya fita waje yana kuka kamar yaro. Da muka je Kona ɗauko kaya, sai ya huce a kan Inna: ta cuce mu, ta yi ƙarya, ta kashe mana uwa. Ni da na yi sati uku ban iya kallon Inna, sai na ji bakina ya buɗe.

“Kai rufe mana baki! Ta yi ƙarya, i. Tsoro ya sa ta. Kai mi ya sa ka? Kana Agadas kana raba aiki ta salula, ka taɓa cewa Inna yaya ƙarfinki, yaya idonki? Ka taɓa cewa Yaya mi kika gani a wanki? Tsohuwa ta kwana ta wuni da majinyaci wata guda ba mai karɓarta, yau ka zo da takalminka mai tsabta za ka yi mata shari'a?”

Ya sunkuyar da kai. Inna na rakuɓe jikin rumbu. Ban yafe mata a ranar ba, kar in yi maku ƙarya. Amma na gane ita ma jinyar ta cinye ta, kuma mun bar ta ita kaɗai da abin da ya fi ƙarfinta don hakan ya fi mana sauƙi. Shi ya sa nake roƙonku, wanda kuka ba jinya ku tambaye shi abin da ba ya iyawa, ku tambaya a keɓe yadda ba zai ji kunyar faɗi ba. Kuma bayan majinyaci, a samu mai ido ya gan shi kullum, ko wane ne shi a gidan.

Gyambon ya fara yin ja mai kyau a gefe, har majo ya ce akwai fata. Amma zazzaɓin ya ƙi sauka. A sati na goma likita babba ya kira ni da Laminu ya ce dattin ya riga ya shiga jini, jikinta kuma ba ya karɓar magani. Iya ta yi ta nuna ƙofa da hannu tana cewa “gida”. Muka mayar da ita Kona. Kwana huɗu na ci gaba da juya ta kowace awa biyu, da gyalenta a fuska, Inna na zaune wajen kanta tana riƙe da hannunta. Ranar Laraba da hantsi, na gama juya ta ɓarin hagu na fita zubar da ruwa, na dawo na tarar Inna na yi mata kalmar shahada. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon nan ya zama kaffara.

Na yi fushi da Inna, na yi fushi da Laminu, na yi fushi da duk tsohuwar da ta zo ba ni haƙuri. Amma a gidan nan mutum ɗaya ne ya ji maganar majo da kunnensa, ya ga tabon da idonsa tun yana kwandala, yana da ƙarfin da zai ture tsohuwa daga bakin ƙofa. Ni ce. Asabari ba ƙofar ƙarfe ba ce, da yatsa ɗaya ake ɗaga shi. Na ji tsoron fushinta fiye da yadda na ji tsoron rasa ta, kwana goma sha bakwai.

Da aka zo wankan gawa, tsofaffi uku suka shiga da Inna, cikinsu har da biyu daga waɗanda suka ce mani ba a yi. Na zauna a waje inda na saba, mata na ta shigowa suna salati. Can sai na ji motsi ya tsaya a ciki, ana ƙus-ƙus. Asabarin ya ɗaga, Inna ta leƙo tana laluben iska da hannu.

“Zule na nan?”

Na ce ga ni.

“Taso ki kama mana. Mun kasa juya ta.”

Ba wadda ta ce ɗiyar fari ba ta shiga. Suka matsa suka ba ni wuri, na lanƙwasa gwiwar na tura kafaɗar, ta juyu.